Fatar da Ke Bayan Bakan Kuwandik

Ni na ba Kuwandik, gwanin haɗa baka, shawarar ya kai bakansa ofishin kula da namun daji da kansa, ni ne kuma na ce gwiwata ta tashi da ya nemi in raka shi. Gwiwata lafiya lau. Tsoro ne.

To ga shi shi kaɗai a hawa na biyu, a kan benci, baka naɗe cikin bargo a cinyarsa kamar wanda ya kawo jariri allura. An gayyace shi baje kolin masu sana'ar hannu a ƙasar waje, kuma duk abin da aka haɗa da jikin dabba ba ya tsallake iyaka sai da takarda. Itacen ba matsala. Jijiyar ma haka, ta ƙafar doki ce daga mahautan birnin Shimkent. Shi ya daka ta, ya tsefe ta sili-sili, ya shimfiɗa ta a bayan bakan da danƙo, ya jira wata shida ta bushe. Fatar kifin da ya lulluɓe jijiyar da ita saboda damshi, ita ce ta hana shi karin kumallo. Ta bekire ce, kifin da ko jelarsa aka kama mutum da ita sai ya ga alƙali. Mahaifinsa ne ya zo da naɗinta daga bakin Kogin Jayik, ya bar masa a akwati. Shekara ashirin, duk wanda ya zo sayen baka sai ya ji labarin nan kafin a ƙara masa shayi. Ba takarda, ba shaida, mahaifin kuma ya daɗe a ƙasa.

Da safe har safa biyu da maganin hawan jini matarsa ta cusa masa a aljihu, kamar wanda ba a sa ran zai kwana a gida.

Aka kira sunansa. Jami'ar wata mace ce, Ulmeken, da tabarau rataye a igiya.

"Ajiye nan, Kawu. Ba zai harbe ni ba dai ko?"

"Ai ba tsirkiya a jiki, ranki ya daɗe."

Ta warware bargon, ta juya bakan, ta bi bayansa da farce, ta sunsuna. Jawabin da Kuwandik ya tsara tun a bas ya watse, sai ƙarshensa ya fito.

"Tun kafin dokar aka kama shi."

"Wace doka?"

"Ta bekire."

Ta ɗago ta dube shi. "Kawu, ka taɓa ganin bekire?"

"A hoto."

"Ni a kwalekwale aka yaye ni. Fatar bekire in ka shafa ta sai ta ci maka hannu. Wannan kuwa sumul take kamar kumatun jariri. Tarwada ce."

"Mahaifina kankare ta ya yi."

"Ko da me ya kankare. Tarwada ce, ƙatuwa kuwa. Allah ya jiƙan Baba, ya iya zaɓe."

Ya kamata ya yi hamdala. Ya san da haka. Amma sai ya tuna fuskokin duk waɗanda suka rataye bakansa a falo suna nuna wa baƙi da alfaharin fatar bekire ce, har da surukinsa, har da ni.

"Ki ƙara dubawa, 'yar'uwa. Ta wajen kan nan."

Ta ajiye biro. "Kawu, so kake in rubuta bekire? In na rubuta, waya zan ɗaga, bakan kuma a nan zai kwana. Kai ma watakila."

Ya tsaya yana auna maganar. Ita da kanta ta ga da gaske yake aunawa, har ta saka tabarau don ta dube shi da kyau.

"Rubuta abin da kika gani," ya ce.

Ta buga hatimi, ta taya shi naɗe bargon, ta ce aikin ya yi kyau, ba ta taɓa ganin tarwada ta samu gata haka ba.

Sai a tashar bas ya buɗe takardar. Baka ɗaya: itace, jijiyar doki, fatar tarwada. A ƙasa kuma an rubuta cewa dole a kafe ta kusa da kayan har a tashi baje kolin. Da harshe uku aka buga ta.