Goran da Ke Kwana a Tsallake

A Gidan Badaru, wani ɗan ƙauye da ke bakin kwarin Tarka, gora ɗaya ne duk gari ke ƙetare ruwa da shi. Wannan tun kafin Nasara ya san hanyar ƙasar nan ne, zamanin da ayarin Abzinawa ke sauko da gishiri ya koma da gero. Da rani kwarin yashi ne zalla, jaki ma ba ya jiƙa kofato. Amma da damina ta nutsa sai ya cika ya batse, ya raba gari da hanyar arewa, wani wurin ya shanye mutum a tsaye har da hannunsa a sama. Lokacin ne ake fito da goran, ƙato ne da hannu biyu ba sa zagaye shi. Mutum ya zuba kayansa ciki, ya kwanta a kai rub da ciki, ya riƙa turo ruwa da hannu da ƙafa.

Abin da kowa ke amfani da shi sai da doka, in ba haka ba ranar da za a neme shi ba za a same shi ba. Ba a hawansa mutum biyu, ba a jefa wuƙa tsirara ciki. Kafin ka shiga ruwa ka ƙwanƙwasa shi ka saurara, in ya tsage kuwa ka kife shi ka ɗora masa ƙaya don na bayanka ya gani. Babbar dokar ita ce gora ba ya kwana a gari. Ɗan gari in ya rasa gora gida zai koma ya ci tuwo. Matafiyin da yamma ta yi masa a tsallake kuwa, ga hayaƙin gari yana hange, ga kuraye a bayansa, zuciya za ta ce masa ruwan bai kai ya kawo ba. Saboda haka kullum la'asar sai wani ya kai goran can, ya ɗaure a gindin aduwa, ya dawo da iyo.

Da can karɓa-karɓa ake yi. Tun da ɗan Jimrau ya bi ayari ya tafi arewa, aikin ya zama na Jimrau shi kaɗai, kuma ba wanda ya ɗora masa. Tsoho ne mai faɗan tsiya a kan goran nan, ka ce kakansa ne ya shuka shi. Samari in sun gan shi yana ƙwanƙwasawa sai su ce tsoho na gaida amaryarsa. Kowa dai ya san abin da ke ransa. Rabo, ɗansa na fari, bai taɓa koyon iyo ba, ga taurin kai, irin mutumin da zai naɗe wando ya afka. Jimrau bai taɓa kiran sunansa ba, kunyar ɗan fari ta hana, sai dai ya ce wancan yaron. Shekaru suka yi ta wucewa, kewar yaron na cin sa, ba shi da bakin faɗa.

Matarsa Dela ta gaji da ganin yana fitowa daga ruwa yana haki kamar tsohon jaki a hawan tudu. Ta sha gaya masa ya bar wa masu jini a jika, ya ce su ba su iya ɗauri ba.

Ran nan da la'asar ya ƙwanƙwasa gora, sai ya ji muryar ta mutu. Ya juya shi, ga tsaga nan siririya an shafe ta da laka. Bincike bai yi nisa ba. Abarci makiyayi ne ya ƙetare da 'yan raguna bai ɗaure musu ƙafa ba, kofato ya yi aikinsa, kunya ta sa ya liƙe ya yi shiru. Jimrau ya wanke shi tas a gaban mutane, ya ce fasawar tsautsayi ce, amma lakar nan kabarin wani ya haƙa. Abarci ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri, ya ce shi zai je ya kira gyartai mai ɗinkin ƙwarya. Gyartan kuwa yana Kornaka, ba zai iso ba sai bayan kasuwa.

Aka kife gora aka ɗora ƙaya, kowa ya watse. Jimrau ya tsaya yana kallon tsallake, gindin aduwa wayam. Ya shiga gida ya ɗaure gumba da buzunsa a ka. Dela ta sha gabansa a ƙofa.

"Maigida, yaron ga da bai zo ba shekara da shekaru, sai kwanakin ga za shi zo?"

"In ya zo hwa?"

Ita ma abin da ke hana ta barci ke nan. Ta matsa ta ba shi hanya.

Da ƙyar ya kai, sai da ya sha ruwa ya ƙoshi. Ya yi ɗan shinge da ƙaya a gindin aduwa ya zauna, shi ne gora yanzu, ba ya iya ɗaukar kowa amma yana iya cewa kada a shiga.

Ana gobe gyartai zai iso, rana ta yi ja, sai ga mutum ya ɓullo daga arewa, dogo, yana tafiya yana jefa kafaɗar hagu. Tafiyar Rabo ce sak. Jimrau ya miƙe, har ya buɗe baki. Da mutumin ya matso sai ya ga wani Buzu ne, ba su ma yi kama a fuska ba. Ya ce sunansa Amani, raƙumarsa ce ta ɓace yake bin sawu. Bai ko tambayi hanya ba, kai tsaye gindin aduwa ya nufa yana dube-dube. Jimrau ya ce masa gora ya fashe, ya haƙura su kwana nan, sannan ya tambaye shi wa ya gaya masa wurin ɗauri.

Amani ya ce wani abokin tafiyarsu ne a ayari, Rabo, ɗan garin nan. Shi ya ce masa duk damina akwai gora a gindin aduwa, babansa ba ya fashi.

Jimrau ya koma ya zauna a hankali. Ashe yana raye. Ashe kuma ya sani. Farin ciki da ciwo suka haɗe masa, ya tambaya ko yaron yana da lafiya. Amani ya ce lafiya lau, yana da mata a Abzin da 'ya'ya, raƙumansa ma sun fara yawa. Sai a nan ya dubi tsohon da kyau ya gane da wa yake magana, ya durƙusa ya sake gaisuwa.

"In ka koma," in ji Jimrau, "ka ce mishi kada shi biyo da damana. Ƙarhina ya ƙare, ban san ko baɗi ina iya kai gora ba. Shi bari sai rani, sa'ad da kwarin ga ya bushe, ko jinjiri da rarrahe shina ƙetarewa."

Amani ya kawar da ido yana tonon ƙasa da sanda. Ba mutumin ƙarya ba ne, kuma tsohon yana jira.

"Baba, ai da rani muke sabkowa. Kowace shekara a Kornaka muke auna hatsi, da shi ake zuwa."

Kornaka, da mutum ke fita da asuba ya isa kafin kasuwa ta watse. Jimrau da kansa ya sha kai gero can da rani. Ya juya yana kallon ruwa, can tsallake hayaƙin tuwon Dela na tashi. Amani ya yi zaton tsohon zai yi faɗa ko ya yi Allah ya isa, har ya fara haɗa kalmomin ban haƙuri. Jimrau ya goge fuska da gefen rawani, ya matso kusa, ya rage murya kamar mai roƙon abin da ya fi ƙarfinsa.

"Ɗana, ta wane gehen kasuwa kuke sabke raƙuma?"