Maraba Irin ta Baba

"Ni firji na matsar, Malam, ban taɓa maka yare ba," in ji Mama.

"A kan firjin na ajiye ranakun mako," in ji Baba. "Ga shi yanzu Laraba ta ɓace."

Mama ta ce ya leƙa ƙarƙashi, wataƙila tana can tare da murafen kwalba da gawar kyankyaso. Ta ci gaba da shararta. Ni ina kan kujera, ban tsoma baki ba. Tun da na gama sakandare ba a neman ra'ayina a gidan sai in za a ɗaga abu mai nauyi.

Baba ya ba sittin baya, gyaran rediyo da fanka ne sana'arsa. Rana ɗaya ya tashi koyon yaren ƙasar da Yaya, babbar 'yarsa, take aikin jinya. Shekararta tara da tafiya. Ranar da ta haɗa jaka ya ce mata in ta fita ƙofar nan kada ta sake nemansa. Yaya kuwa yarinya ce mai biyayya, ba ta sake ba. Da Mama kawai take waya. A can ta yi aure, ta haifi 'ya mace, yanzu shekararta shida, ko "zo" ba ta sani ba da Hausa. Rannan Mama ta ce za su zo hutu. Washegari Baba ya dawo da kwalin takardu da gam.

Makaranta ba ta cikin tsarinsa. Wani mutum mai gilashi a waya ya gaya masa cewa babba ba ya bukatar malami, gida kawai yake bukata. Ka ɗauki kalma ka ajiye ta a wani wuri da ka sani, in kana nemanta sai ka taka zuwa wurin a cikin kanka. Baba bai yarda da cikin kai ba, ya fi gane abin da hannu zai taɓa. Lambobi suka hau matakala. Launuka suka shiga kabad ɗin Mama. Sassan jiki suna banɗaki, wai nan ne ake ganinsu. Kowace kalma kuma sai ya ɗaura mata wata ta Hausa mai kama da ita, ya ƙirƙiro labari. Kalmarsu ta taga ta yi masa kama da "kunkuru", saboda haka wata takwas muna zaune da kunkuru a tagar falo, ba mai ganinsa sai shi.

Gaskiya abin ya yi aiki, shi ya fi ba ni haushi. Ni na yi shekara shida ana ɗura min yaren makaranta, da bulala da komai, na fito ba na iya tambayar hanya. Shi yana kwance fanka a shago yana ƙirga sukurori da yaren mutane.

Mataki na biyu, in ji mai gilashi, shi ne ka bar ƙamus. Jariri ba ya buɗe ƙamus. Ka kalli masu yaren suna rayuwa, ma'ana za ta zo da ƙafarta. Baba ya samo wani wasan kwaikwayo mai dogon zango, ba fassara, yana jingina wayar da gwangwanin dalma yana kallo. Akwai wata mata a ciki, duk lokacin da wani mutum ya ƙwanƙwasa sai ta buɗe ta faɗi kalmomi uku, shi kuma ya shige. Sau goma sha bakwai Baba ya ƙirga.

Ya ce ya samo "sannu da zuwa".

Na ce masa matar ba ta taɓa murmushi ba. Ya ce haka fuskarsu take, sanyi ne ya busar da ita. Na ce a duba a waya, minti ɗaya ne. Ya kalle ni irin kallon da yake wa rediyon da ba ya gyaruwa, ya tambaye ni yare nawa na iya da har zan yi gyara. Na koma kujerata.

Kalmomin nan uku ba su samu kabad ko matakala ba. A jikin ƙofar shigowa ya manna su, daidai tsayin idonsa. Yana maimaitawa in zai fita, yana maimaitawa in ya dawo. Har maƙwabcinmu ya iya.

Da ranar ta zo, suka iso da la'asar. Mijin bai samu hutu ba, su biyu ne. Mama ta riga kowa zuwa bakin mota, ta rungume Yaya tana kuka tana yi mata faɗan rama. Ni na ɗauko akwatuna. Baba bai fito ba. Yana tsaye a bakin ƙofa cikin sabon ɗinki, hannu a baya, kamar mai jiran a ɗauke shi hoto.

Yaya ta tsaya taku uku daga gare shi, yarinyar na riƙe da gefen rigarta. Ya gyara murya, ya faɗi kalmominsa uku, tsaf, kowane harafi a wurinsa.

Fuskar Yaya ta sauya. Yarinyar ta ɗaga kai ta dubi uwarta, ta dubi tsohon, sannan ta ba shi amsa doguwa cikin ladabi. Baba ya yi ta gyaɗa kai. A wasan ba a taɓa ba da amsa ba, shigewa kawai ake yi.

"Me amaryar tawa ta ce?" Ni ya tambaya, kamar ni na yi wata takwas ɗin.

Yaya ce ta amsa, idonta a kan takalminta. "Ka tambaye mu me muka dawo yi. Ta ce ita ba dawowa ta yi ba, yau ta fara zuwa."

Baba ya buɗe baki. Na ga idonsa yana yawo a falo, daga bango zuwa kabad zuwa matakala. Yana da cokali, yana da shuɗi, yana da gwiwa da ɗaya zuwa ɗari. "Yi haƙuri" ce bai ajiye a ko'ina ba. Gidan ya yi kaɗan.

Mama ta shiga tsakani da sauri. Ta ce kuskure ne, maraba yake nufi, wata takwas bawan Allah yana fama, ko abinci ba ya ci sai ya faɗi sunan kwano. Ta nuna takardun da ke manne ko'ina. Yaya ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, duk da rubutun Baba, manyan baƙaƙe irin na rasit. Yarinyar ta saki rigar, ta je ta karanta ta jikin kujera da ƙarfi, ta yi dariya, wai an rubuta daidai.

Yaya ba ta yi dariya ba. Ba ta kuma shigo ba. Jakarta na kafaɗa har yanzu.

"Baba," ta ce a hankali, "wata takwas kana koyon yaren mutane don ka ce min sannu da zuwa. Hausar me ta yi maka?"