Zoben Injin Baba

Aji biyu na yi a kolej na gudu, zama wuri ɗaya ba ya yi mini. Ƙanwata Lauratu ce ta zauna, har ta samu shiga karatun injiniya a Ngaundere.

Da ta zo Garuwa hutun farko, ta ba mu labarin ranar da aka ce kowa ya tashi ya faɗi sunansa da abin da ya kawo shi. Wani ya ce gada zai gina a kan Binuwai, wani ya ce madatsa irin ta Lagdo. Ita ta ce, "Sunana Lauratu Wada, babana mahauci ne. Ina so in san abin da ke sa injin niƙa namansa kuka." Aji ya fashe da dariya. Tun ranar suke ce mata Madam Nama.

Darasin zane ne ya fi shiga ranta. An ce kowa ya zana abu ta fuska uku, ya rubuta awonsa. Ran Juma'a da safe Baba na fita mayanka, ta kwance injin a kan tabarma, ta jera sassansa tana aunawa.

"Yaya Bilya, kallo kawai. Kar ka taɓa."

Na taɓa. Wani ɗan zoben tagulla da sandar injin ke juyawa a ciki na ɗauka, ina cillawa sama ina cafewa. A karo na huɗu ya daki bakin rijiya. Muka ji cul.

Bayan masallaci Baba zai niƙa wa Madam Yvonne mai gidan abinci nama, kuma injin nan ya girme ni, ko Inna ba ta taɓa shi. Na fara cire riga zan shiga rijiyar.

"Sa rigarka, zurfinta gaba goma sha biyu ne," in ji Lauratu. "Na riga na zana shi. Tada babur."

Muka je wurin Jérémie mai sassaƙa ƙarfe a bayan kasuwa. Ya juya takardar, ya dube ta.

"Ina tsohon zoben? Ni da tsoho nake gwadawa."

"Yana wanka," na ce.

"Kawu, duba nan," in ji Lauratu. "Ramin tsohon ya cinye, shi ya sa sandar take rawa. Ka bi awon sandar, ga shi na rubuta."

Ya yi ta gunaguni da Fulatanci, amma ya kunna injinsa. Kafin kiran salla mun dawo gida da sabon zobe. Zoben ya shige daram. Ni na ɗaure sauran, wannan kam na iya.

Baba ya dawo, ya zuba nama, ya murza. Shiru. Ya sake murzawa, ya kara kunne.

"Wa ya taɓa mini inji?"

Na faɗi gaskiya, har da rijiyar. Ya karɓi takardar ya daɗe yana dubawa, yatsansa mai maiƙo ya bar tambari a gefe.

"Baba, wannan fa zan kai wa malami!"

"Ki ce masa na sa hannu." Ya murza injin yana dariya. "Injiniya, sikelina ma ya kwana biyu yana rawa. Kai kuma, rufe rijiyar nan kafin ta fara kwance shi."