Sadakar Dada Gherghina

Ina cikin jera kayan darasi da safiyar Litinin Darakta Pirvu ya aiko a kira ni. Ko gaisawa ba mu gama ba ya turo mini wayarsa a kan tebur.

"Malama Otilia, wannan ɗalibarki ce ko ba ita ba ce?"

Ita ce. Marinela ce a hoton, tana tafe a gefen amalanken doki da kyandir a hannu. A kan amalanken an ɗaure sabon gado da katifa da bargo, ga ƙaramin tebur da kujera. A bayanta kuma ƙofar gidan Dada Gherghina ce, tsohuwar da muka tura ta wurinta aikin gwaji a ƙauyen Cernatu.

"Wata maƙwabciya ta ɗora a Facebook," in ji shi. "Ɗan tsohuwar ya gani daga Torino, can Italiya. Gicu sunansa. Tun jiya yake kirana, ya ce mun tura wa uwarsa ɓarauniya, kuma zai kai ƙara wurin masu ba mu tallafi."

"Ai pomana ce wannan, sadakar lahira," na ce. "Dubi kyandir."

"Na san pomana ce. Je ki yi magana da ita."

Na yi shekaru ina aikin nas kafin na koma koyar da masu kula da tsofaffi a gidajensu. Ina koyar da yadda ake yi wa mutum wanka ba tare da an tozarta shi ba, da yadda ake juya wanda ba ya iya tashi don kada jikinsa ya yi gyambo, da awon jini, da abincin wanda ba shi da haƙora. Akwai kuma dokar da nake faɗa tun ranar farko: ba a karɓar kyauta daga wanda ake kula da shi, ko da ƙwai ɗaya ne. Na yarda da dokar nan har zuciyata. Na ga yadda zobe ke barin yatsar tsohuwar da ta manta sunanta, a ce wai ita ta bayar.

Marinela ta fi kowa a ajin. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu. Ta shiga kwas ɗin ne saboda ƙaramar hukuma ta yi alkawarin ɗaukar duk wanda ya sami takardar shaida ya kula da tsofaffin ƙauyensu. In ba haka ba, sai ta bi sauran matan Cernatu zuwa Italiya, ta bar yaran wurin uwarta. Jarrabawar ƙarshe kuwa ranar Juma'ar makon ce.

Na same ta a ɗakin gwaji tana canza wa Kawu Costica zanin gado. Haka ɗalibai suka raɗa wa mutum-mutumin robar da muke koyo da shi. Na rufe ƙofa. Ba ni da ɗabi'ar ɗaga murya, amma ranar sai da na riƙe bayan kujera.

"Marinela, me na ce muku a kan kyauta?"

"Ko ƙwai, Malama."

"To ke gado kika ɗauko. Da katifa! Da tebur!"

"Har da tukunya da cokali," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Hoton bai nuna su ba."

"Kada ki yi mini wasa."

Sai ta saki zanin ta juyo. "Malama, na je yi mata wanka ranar Asabar, na tarar tsakar gida cike da mutane. Limamin coci ya gama addu'a, an dafa naɗin kabeji da nama, an shimfiɗa gadon a ƙarƙashin itacen inabi. Ta kama hannuna ta damƙa mini kyandir mai ci, ta ce: wannan naki ne a duniyar nan, nawa ne a waccan. Duk ƙauye na kallona. Me zan ce? In ce mata Malama Otilia ta hana?"

"Da kin kira ni."

"Da wane hannun? Ɗaya kyandir, ɗaya tana riƙe da shi. Na ce bogdaproste, godiyar mai karɓar sadaka, kamar yadda uwata ta koya mini, shi ke nan."

Na zauna. A yankinmu duk wanda ya tsufa ya san abin da ya bayar sadaka shi zai tarar a lahira. Wanda bai ba da gado ba a ƙasa zai kwana. 'Ya'ya ne ke yi wa mutum wannan sadakar ta pomana bayan ya mutu, amma wanda nasa suka yi nisa sai ya yi wa kansa tun yana raye. Kuma ba a ba ɗan'uwa na jini, sai bare mai bukata. Dada Gherghina ta duba ko'ina, ba ta ga baren da ya fi mai yi mata wanka cancanta ba.

Na koma wurin Pirvu na ce a canza wa Marinela gida kawai, a bar maganar. Na ce hankalin tsohuwar garau yake, likita ma ya shaida, ƙugunta ne kaɗai ya lalace.

"Ki daina yi mini bayani," ya ce. "Kakata ta yi tata pomanar ina yaro, ni na riƙe akalar dokin. Amma masu tallafin nan ba 'yan yankin nan ba ne. Su abin da za su gani shi ne mai kula ta fito daga gidan tsohuwa da kaya cike da amalanke."

"Sai ka yi musu bayani. Aikinka ne."

"Aikina in ga ba a rufe makarantar nan ba. Ta mayar da kayan kafin Juma'a, a ɗauki hoto a aika wa ɗan. In ta ƙi, ba za ta zauna jarrabawa ba."

"Ka san abin da mayar da pomana yake nufi."

"Na sani," ya ce, ya jawo wata takarda ya kama karantawa. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da jahili ne da na koyar da shi, tunda sana'ata ce.

Marinela ta yi kuka da na faɗa mata, ta zagi Pirvu, ta zagi Gicu da garin Torino gaba ɗaya. Daga baya ta ce to, na san yaranta take tunani. Ranar Laraba ta aro amalanken, muka ɗora kayan. Ni na bi su da ƙafa don in ɗauki hoton. A rayuwata ban taɓa jin kunyar tafiya a kan titi irin ta ranar ba. Mata suna leƙowa ta kan shinge, wani tsoho a bakin shago ya ɗaga hula ya ce, "Marinela, katifar ce ta yi tauri?" Ba wanda ya yi dariya.

Labari ya riga mu isa. Dada Gherghina na tsaye a ƙofar gida, ta dogara da sandarta, ta ɗaura baƙin ɗankwali. Kusa da ita maƙwabciyar nan ce mai ɗaukar hoto, Tanti Lucretia, ta ɗaga waya sama, fuskar Gicu ta cika gilashin.

"Tsaya nan," in ji tsohuwar ga mai dokin. "Ƙafar dokinka ta taɓa ƙofar nan sai na karya ta."

"Dada," Marinela ta ce, "ki yi haƙuri, makaranta ce ta..."

"Yi shiru, 'yata, ba da ke nake ba. Lucretia, kawo mini wannan mara kunyar kusa in gan shi."

"Mama, amfaninki nake nema," Gicu ya ce daga cikin wayar. Yana sanye da rigar aiki, ana jin ƙarar inji a bayansa. "Ba ki san irin mutanen nan ba. Yau gado, gobe gida."

"Da kuɗin fanshona na sayi gadon. Naka ne?"

"Ba maganar kuɗi ba ce!"

"To maganar mene ce?"

"Kin sa duk ƙauye na yi da ni!" Muryarsa ta fashe. "Har abokan aikina sun gani. Wadda ba ta da kowa ce ke yi wa kanta pomana. Ni na mutu ne? Da kin jira, ni zan yi miki, wadda ta fi wannan."

"Kamar yadda ka yi wa ubanka? Kana can ka turo wa Lucretia saƙo ta sayi burodi ta raba. Mutumin nan yana can yana kwana a ƙasa, da ciwon bayansa. Ni ba zan kwana a ƙasa ba."

Tanti Lucretia ta so ta sauke wayar, tsohuwar ta buge gwiwar hannunta da sanda ta mayar da ita sama.

Na matsa na gaida ta, na faɗa mata ko ni wace ce. Na yi mata bayani a hankali, irin yadda nake yi a aji: in kayan ba su koma ba, za a hana Marinela takardarta. Na ce ko na ɗan lokaci ne a shigar da su, a ɗauki hoto, bayan jarrabawa a san abin yi.

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ke ce malamar? Ke kika koya mata ɗumama tawul kafin ta goge ni?"

"Ni ce, Dada."

"Kin iya aikinki. Amma kina so in yi wa Allah wayo da hoto? Abin da ya fita da kyandir ba ya dawowa. In ya shigo gidan nan, ya tashi daga nawa a can."

Na juya ga wayar. Ban san lokacin da muryata ta hau ba. "Malam Gicu, kalma ɗaya za ka faɗa wa darakta, ka ce ka janye. Matar nan ita ke ɗaga mahaifiyarka daga gado, ita ke yanke mata farce. Tana da yara biyu."

"Ni ma ina da yara," ya ce. "Matata ma tsofaffi take kula da su a nan, ba ta taɓa kawo ko cokali gida ba. Doka doka ce. Ba ku kuka koyar ba?" Ya kashe wayar.

Muka tsaya cirko-cirko a titi. Dokin ya sunkuya yana cin ciyawar bakin kwata. Mai amalanken ya ce shi fa yana da masarar da zai kwaso, a faɗa masa gaba ko baya.

Dada Gherghina ta fara rawar jiki saboda daɗewa a tsaye. Marinela ta lura kafin ni. Ta je ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatar tsohuwar, ta zaunar da ita a bencin bakin ƙofa. Tsohuwar ta riƙe mata riga.

"Kin kwana a kai?"

"Na kwana, Dada."

"Da daɗi?"

"Da daɗi."

"To haka zan ji shi."

Marinela ta miƙe ta share fuska da bayan hannu. Ta dubi mai dokin. "Juya, Kawu Mitica. Kai shi gidana."

"Marinela," na ce, "jarrabawa jibi ce."

"Na sani, Malama. Ki mayar da wayarki jaka."

Washegari na shiga ofishin Pirvu ba tare da ƙwanƙwasawa ba. Na ce masa na yi shekaru ina horar da mata, ban taɓa samun mai hannu irin nata ba. Na ce a rubuta mata gargaɗi, a ɗage mata jarrabawa, a yi mata duk hukuncin da ake so ban da kora. Na ce ni da kaina zan rubuta wa masu tallafin. Ya saurare ni har na gama, ya zuba mini kofi, ya ce ya riga ya sanar da su an ɗauki mataki. Kofin yana nan a kan teburinsa na fita.

Na rubuta musu duk da haka. Suka amsa da ladabi cewa sun yaba da yadda makarantar ke kare tsofaffi daga masu cin amana.

Ranar Juma'a sauran ɗaliban suka yi jarrabawa, duk suka ci. Babu ɗaya daga Cernatu a cikinsu, don haka ƙaramar hukuma ta ce tsofaffin ƙauyen su jira rukuni na gaba. Dada Gherghina ta koma hannun Tanti Lucretia, wadda ita ma ta haura saba'in, ba ta iya ɗaga ko bokitin ruwa.

Kafin kaka ta ƙare Marinela ta sami wuri a wani gari kusa da Verona, wurin wani tsoho da jikinsa ya shanye. Can ba wanda ya tambaye ta takarda. Na je tashar ƙananan motocin da ke tafiya Italiya da safiyar da za ta tashi. Mata ne cike da wurin, kowacce da jaka da ƙullin abinci. Uwarta ta riƙe yaran a gefe, ƙaramin ya ƙi kallon motar.

Na kawo mata ɗamarar da ake ɗaurawa a ƙugu lokacin ɗaga mara lafiya, don ta kare bayanta. Ta karɓa ta jujjuya ta.

"Wannan an yarda in karɓa?"

"Marinela."

"Yi haƙuri, Malama. Ba ke ba ce." Ta cusa ta cikin jaka. Sai ta nuna mini matan da ke layi da haɓarta. "Waccan ɗalibarki ce, ko? Da waccan mai jar riga?"

Ɗalibaina ne, na shekarun baya. Sun ɗago mini hannu suna murmushi.

"Ki ci gaba da koya musu da kyau," ta ce. "Tsofaffin Italiya na jin daɗin hannunki."

Direba ya yi oda. Ta sumbaci yaran da sauri, ta ɓamɓare yatsun babbar daga rigarta, ta shiga ta zauna a ɓangaren da ba ya kallon mu.