Ambato Hamsin

Shekara shida maƙalar Likita tana kwance a mujalla, sau tara kacal aka kafa hujja da ita, biyu daga ciki ma ita ce da kanta. Maƙala ce a kan tsofaffin da ke raba maganin hawan jini da matansu, abin da ta gano a ɗakin duba marasa lafiya na sashen likitancin iyali, inda take koyarwa. Ranar Litinin, saura sati biyu kwamitin ƙarin girma ya zauna a kan takardunta, ta buɗe shafin da ke ƙirga wa malamai yawan ambato, sai ta ga tara ta koma hamsin.

Da wata ce da ta tashi ta taka rawa. Likita kuwa ba ta yi murna ba, don ba ta yarda da alherin da bai yi sallama ba. Ta bi sababbin ɗaya bayan ɗaya. Wannan a kan abincin kaji, wancan a kan siminti, wani ma ruwan rijiya yake aunawa. Ina ruwan kaza da hawan jinin tsoho? Bara aka sallami wani malami a kan ambaton bogi irin wannan, kuma kowa ya san wanda ya kai shi ƙara: Dogo, abokin aikinta, wanda yanzu suke neman kujera ɗaya.

Tana fitowa sai ga Dogon a baranda, riƙe da kofin shayi.

"Likita, barka da arziki! Na ga kin yi tashe."

"A ina ka gani?"

"A shafin mana. Ai ni kullum sai na leƙa na kowa."

Ya yi dariya ya wuce. Dariyar nan ta tsaya mata a rai wuni guda. Ranar har awon jinin wata tsohuwa ta yi sau uku, ba ta rubuta ko ɗaya ba. Kafin la'asar ta gama yanke hukunci: Dogo ne ya sa aka cusa sunanta a takardun banza, don ranar zama ya miƙe ya ce a duba.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ran Alhamis ta rubuta wa kwamiti takarda, ta ce ambaton nan ba da saninta ba ne, tana roƙon a tuntuɓi mujallun a ji wanda ya sa marubutan suka saka ta. A layi na ƙarshe ta ce tana zargin wani a sashensu, kuma ba sai ta faɗi tsawonsa ba. Sakatariya ta buga hatimi, ta raba wa 'yan kwamitin su biyar kwafi.

Da yamma ta tarar da maigidanta a teburin falo da jan biro. Malamin ƙididdiga ne, mujallu iri-iri kan turo masa maƙalu ya duba musu lissafi kafin a buga. Ta ajiye jaka, ta kwashe labarin kaf ta ba shi, har da na hatimin. Tun tana tsakiyar labarin ta lura biron ya daina motsi.

"Kin ce a tuntuɓi mujallun?"

"Ƙwarai. Yau zai san da wa yake yi."

Ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga, ya goge, ya sake gogewa.

"Maman yara, ba Dogo ba ne."

Ta zauna.

"Duk maƙalar da aka turo min, a ƙasan gyarana sai in ƙara layi ɗaya, in ce su saka taki. Ba mai musu da mai dubawa, kowa so yake a buga masa. Gani na yi kina fita tun safe, ki dawo ƙafa a kumbure, wasu kuma da ba su kai ki ba suna ta hayewa. Ina ce daɗi za ki ji."

Haushi ya kama ta, ga kunya a kai. Ta tuna layin ƙarshe na takardarta. Gobe sai ta je ta ba Dogo haƙuri da bakinta, kujerar kuma ta tafi. Mujallun nan ko, idan suka amsa, sunan mijinta za su rubuto.

"Ko za a iya karɓo takardar?" ya tambaya a hankali.

Ita ba takardar ce a gabanta ba. Wani abu daban ne ke cin ta.

"Baban yara, maƙalar tawa da ka sa mutum arba'in da ɗaya suka ambata, kai ka karanta ta kuwa?"

Ya dubi biron da ke hannunsa.

"Na dai karanta taken," ya ce.