Hannun da Ka Ɗaure

...wai in saki hannu. Haka ka ce, Ustad ji, malamina, a gaban mutum ashirin da suka zo koyon sabon salon zanenka, kana murmushi: "Shagufta, 'yata, saki hannun nan mana, ba gawa kike wa wanka ba." Suka kwashe da dariya. Har da waccan mai gilashi da ta zo daga Karachi jiya jiya, wadda ta shafa shuɗin fenti da tafin ƙafa ka tsaya kana jinjina mata kai.

Tsintsiya ce a hannuna. Tsintsiya, da bokitin jan fenti, da farin ƙyalle shimfiɗe a ƙasa. Ni da na yi shekara goma sha huɗu ina zane da alƙalamin gashin jelar kurege, wanda kai ka koya min tsince shi gashi ɗaya ɗaya. Wa ya ɗaure hannun? Wa?

Ɗakinka na tsohon garin Lahore, gwiwa ɗaya a tashe, allo a kanta, shekara biyu ban taɓa launi ba, layi kawai, layi... "Riƙe numfashi kafin ki ja. Numfashi ne ke karkata layi." Ranar da na zana gajimare yadda raina ya so ka yaga takardar gida biyu, ko murya ba ka ɗaga ba. Takardar da na yi kwana tara ina goge ta da dutse don ta yi santsi kafin in fara zane a kanta. Ka ce masu watsa fenti 'yan shafen farar ƙasa ne da suka rasa bango. Na yarda. Na ma faɗa wa ƙawata Tabassum haka ranar da ta bar ajinka — har yau ba ta ɗaukar wayata.

Yanzu ga ka nan, farin gemu, ɗigon rawaya a hannun riga, kana zagayawa cikinsu. "Ni ma sai bara na gane kurkuku na gina." Bara. Shekara guda ke nan ka sani. Duk Talata ina zuwa, ina dama maka launi da yatsa a ɓawon katantanwa, kana duba ganyayyakin da na zana da gilashi kana cewa madalla. Ba ka ce min komai ba. Sai nan, a gaban baƙi, ka ɗaga zanena — lambun nan da ya ci min wata bakwai, ya rage min gani — ka ce, "Ku dubi abin da tsoro ke haifarwa."

Tsoro? Ni na ɗauka biyayya ce sunansa. Na ɗauka ni za ka bar wa alƙalumanka. Ka ci amanata, Ustad ji, kuma ko a jikinka.

To, bari in watsa. Na tsoma, na ɗaga, jan yana gangarowa wuyan hannuna... na kaɗa. Ga shi ya fantsama. Mummuna ne. Ko kyakkyawa? Ban sani ba — ban taɓa sani ba sai ka faɗa. Ga wani ɗigo can gefe kamar fure, da zan samu tsinke ɗaya in ja masa kara, in yi masa ganye biyar... Yatsuna har sun karyo tsinken daga jikin tsintsiyar. Yaushe?

Takunka na matsowa ta bayana. Ƙirjina ya yi nauyi, idona na ganin dishi-dishi... Ashe tun da na tsoma tsintsiyar nan nake riƙe da numfashina.

Ina jira ka ce in sake shi.