Kartar da Orville Bai Nuna Ba

Shekara arba'in da ɗaya ina ɗauke da tambaya guda, kuma Orville Tackett kaɗai ke da amsarta. Da 'yarsa ta bugo waya ta ce likitoci sun mayar da shi gida Lubbock ya jira lokacinsa, wallahi ba tausayi ne ya fara zo mini ba. Cewa na yi ɗan banzan nan zai tafi da ita kabari.

Tare muka taso, muna yawon garuruwan Texas a akwalar motarsa, muna buga kartar poka a bayan shagunan aski, abincinmu wake da burodin masara. Kai, ina kewar zamanin nan! A wata babbar gasa a Reno mu biyu muka rage a tebur. Ina riƙe da sarauniya biyu, karta mai ƙarfi, sai ya turo duk kuɗin da ke gabansa tsakiya. Minti goma ina ƙare wa fuskarsa kallo, ban tsinci komai ba, na janye. A poka wanda ya janye ba a nuna masa kartar abokin karawa, Orville ya cusa tasa a kife cikin tari. Daga nan na karaya. Ya ɗauki kambun, daga baya ya ƙara biyu, ni na koma sayar da taya.

Ya fi ni karta ne, ko barazana ce? Na tambaye shi a bikin 'yarsa, na tambaye shi har a jana'izar matata, sai dai ya ce in sha kofina.

Na same shi a baranda da hantsi, ya rame ƙwarai. Ya ce na zama buhun auduga, na ce gara ni da wanda iska za ta ɗauke. Muka tuna akwalar motar nan da kuma 'yan sandan da suka sha korar mu.

"Orville, don Allah, me ke hannunka ran nan?"

"Ban sani ba, Merle. Ɗaga kartar na yi kawai kamar ina dubawa, amma ban duba ba. Na san duk abin da na gani kai ma za ka gan shi a fuskata. Ka fi ni iyawa, tsoho, tun muna samari."

Na zage shi tas. Sannan na jawo kujera kusa da shi, na kasa tsayar da hawaye, shi kuwa yana ta dariya har da tari.